Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Kirki?

 Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ba mu damar yin magana, ko da yake a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka fi mu sanin batun nesa ba kusa ba. In mun yi daidai, madalla. In kuwa mun kauce, sai a gyara mana, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da muke so mu tattauna yau shi ne wata tambaya mai sauƙin yi, mai wuyar amsawa, watau mene ne ke sa aiki ya zama daidai, mene ne kuma ke sa ya zama kuskure? Duk wanda ke nan ya yarda sata mugun abu ce, riƙon amana kuwa abin kirki ne. Amma a tsare mutum a ce masa, "To, me ya sa?" sai ka ji amsoshi sun rarrabu. Wani ya ce don Allah ya hana. Wani ya ce don tana cutar da jama'a. Wani ya ce don ɓarawon kansa ba ya so a yi masa. Wani kuma ya ce ai ɗan halak ba ya yi. Kowace amsa a nan mudu ce mai zaman kanta, kuma masana sun shafe fiye da shekara 2000 suna gardama a kan wadda ta fi cika. A yawancin ranaku duk mudun da aka ɗauka awon ɗaya ne, shi ya sa ba mu damu da bambancinsu ba. Sai ran da suka saɓa wa juna, ran nan ne mutum zai san cewa bai taɓa zaunawa ya zaɓi nasa ba.

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari mu ƙaddara wani misali mu riƙe shi har ƙarshen jawabi. A ce ɗayanmu ya gama karatu, an ɗauke shi aiki a ofishin da ke ba ɗalibai tallafin karatu, hatimin kwanan wata yana hannunsa. Gurbi ɗaya ya rage. Takardar wani maraya mai hazaƙa ta iso kwana biyu bayan an rufe karɓa, saboda ruwan damina ya cinye gadar garinsu. Wanda zai sami gurbin in an bi ƙa'ida ɗan wani attajiri ne, wanda ko ba tallafi ubansa zai iya biya masa. Ba wanda ya ba ma'aikacin nan ko kwabo, marayan kuma ba danginsa ba ne. Abin da ake bukata kawai shi ne ya juya hatimi baya da kwana biyu, ya buga, ya sa takardar cikin fayil. Ba mai gani. Ya buga ko kada ya buga?

Kafin mu ɗauko mudun farko, akwai wata magana da takan kama ɗalibi a shekararsa ta farko a jami'a, wadda ya kamata mu kawar daga hanya. Da ya karanta al'adun ƙasashe ya ga yadda suka sha bamban, sai ya ce ashe babu daidai babu kuskure, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan tunani tsoho ne. Hirodotus, masanin tarihin Girka, ya ba da labarin yadda Sarki Dariyus na Farisa ya tara Girkawa masu ƙone gawar iyayensu da wasu mutanen Indiya masu cin gawar nasu, ya tambayi kowane ɓangare nawa za a biya shi ya yi irin na ɗayan, duka biyun suka ƙi da ƙyama. Amma mu lura, dukansu girmama iyaye suke nufi, a hanya kawai suka rabu. Bugu da ƙari, in da al'ada ce iyakar ma'auni, da ba wani mai gyara da ya taɓa yin gaskiya a duniya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki, alhali kuwa al'ada ce da ta zauna daram a zamaninsa. Duk wanda ya yarda cewa sukar tana da ma'ana, ya riga ya yarda akwai wani mudu da ake auna al'adar kanta da shi.

Mudun umurni

Mudu na farko shi ne wanda akasarinmu muka tashi da shi, Musulminmu da Kiristanmu: aiki daidai ne in Allah ya yi umurni da shi, kuskure ne in ya hana. Ƙarfin wannan ra'ayi a fili yake, domin yana sa wa mutum mai tsaro a inda babu ɗan sanda, babu mai binciken kuɗi. Ma'aikacin da ya yi imani ana ganinsa ko da ya kulle ofis, ba ya bukatar a tsaya a kansa.

Amma masu imani da kansu sun yi tambaya a nan. Aflatun ya rubuta wata muhawara inda malaminsa Suƙurat, wanda aka kashe a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tambayi wani mutum: shin abin kirki ya zama na kirki ne don alloli suna son sa, ko kuwa suna son sa ne don dama na kirki ne? Malaman Musulunci sun yi irin wannan gardama da sunan husunu da ƙubuhu, watau kyau da muni. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abduljabbar wanda ya rasu a 1025, sun ce kyan adalci da munin zalunci suna cikin ayyukan kansu, hankali yana iya gane su tun kafin wahayi ya zo. Ash'ariyyawa, mabiya Abul Hasan al-Ash'ari, suka ce a'a, ba a sanin abin da ke jawo lada ko zunubi sai ta shari'a. Maturidiyyawa suka tsaya kusa da tsakiya, suka ba hankali rabonsa. A cikin Kiristocin Turai ma an yi haka: Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce Allah ya dasa wa ɗan Adam wata doka a cikin halittarsa wadda hankali ke karantawa, Wiliyam na Okam kuwa ya fi jingina al'amarin ga nufin Allah da umurninsa.

To, me mudun umurni ya gaya wa ma'aikacinmu? Ya hana shi ƙarya da shaidar zur, ya kuma umurce shi da jin ƙan maraya. Babu nassin da ya ambaci hatimin kwanan wata. Ke nan ko mai imani sai ya zauna ya yi tunani a kan manufar umurnin, shi ya sa malamai suka yi ijtihadi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin al-Mustasfa cewa shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Shaɗibi na Garnaɗa, malamin Malikiyya da ya rasu a 1388, ya faɗaɗa wannan a cikin al-Muwafaƙat. Har ila yau, ofishin gwamnati wuri ne da mutane masu addini daban-daban ke haɗuwa, don haka ma'aikaci yana bukatar ya iya faɗin dalilinsa ta yadda abokin aikinsa zai fahimta ko da ba su haɗa alƙibla ba.

Mudun sakamako

Mudu na biyu ya ce a dubi abin da aikin ya haifar. Jeremy Bentham, mutumin Ingila da ya rayu daga 1748 zuwa 1832, ya fitar da littafinsa kan tushen ɗa'a da kafa doka a 1789. A ganinsa jin daɗi da wahala su ne ke juya ɗan Adam, kuma aikin da ya fi daidai shi ne wanda ya fi kawo jin daɗi ya rage wahala ga mafi yawan mutane. Har lissafi ya tsara: a dubi ƙarfin jin daɗin, da daɗewarsa, da tabbacin samuwarsa, da kusancinsa, da abin da zai biyo bayansa, da yawan waɗanda zai shafa. John Stuart Mill ya gyara ra'ayin a littafinsa na 1863, ya ce ba duk jin daɗi ne ɗaya ba, na ilmi da na zuciya ya fi na ciki daraja.

Kada mu raina wannan mudu. Shi ne ya ce wahalar talaka da ta basarake nauyinsu ɗaya a sikeli, kowa mutum ɗaya ne. Da shi Bentham ya soki tsananin hukunci da halin gidajen kurkuku na zamaninsa, Mill kuma ya miƙe a majalisar dokokin Ingila a 1867 ya nemi a ba mata ƙuri'a. Duk ma'aikacin da aka ba shi kuɗin rijiya goma alhali ƙauyuka hamsin ke bukata, da wannan mudu zai yi aiki, ko ya san sunan Bentham ko bai sani ba. A misalinmu, lissafin farko ya ce a buga hatimi: maraya ya sami rayuwa, ɗan attajiri bai rasa komai ba.

Amma akwai ramuka biyu a wannan hanya. Na farko, ba wanda ya san gobe sai Allah. Ma'aikacinmu yana ganin maraya ɗaya, ba ya ganin sauran marayun da takardunsu suka makara a hannun wasu akawuna marasa tausayi, ba ya kuma ganin ranar da asiri zai tonu a ce hatimin ofishin nan ba abin dogara ba ne. Rami na biyu ya fi zurfi: in yawan masu amfana ne kaɗai abin dubawa, to, ana iya sadaukar da mutum ɗaya mara laifi don sauran.

Wannan ya taɓa faruwa a zahiri. A watan Yuli na 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette, da ya taso daga Ingila za shi Ostareliya, ya nutse a tekun Atlantika. Mutum huɗu suka tsira cikin kwale-kwale, ba ruwan sha, abinci kuwa gwangwani biyu. Bayan kusan kwana 20, yaron jirgin, Richard Parker, ɗan shekara 17, ya galabaita. Shugaban jirgin, Dudley, da mataimakinsa Stephens suka yanke shawara, aka kashe yaron, suka rayu da namansa har wani jirgi ya tsince su bayan kwana huɗu. A lissafi, uku sun rayu maimakon huɗu su mutu. Duk da haka kotun Ingila ta ce larura ba ta halatta kisan kai, ta yanke wa mutum biyun hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida. Abin sha'awa shi ne, fiye da shekara 700 kafin wannan, Gazali ya kawo misali irin wannan sak: mutane a jirgin ruwa, in an jefa ɗaya sauran su tsira. Ya ce ba ya halatta, domin maslahar da za a dogara da ita a irin wannan matsayi sai ta zama ta larura, tabbatacciya, kuma ta game al'umma duka, ba wasu 'yan ƙidayayyu ba.

Mu ƙara da abin da ya faru a Tuskegee ta jihar Alabama a Amurka daga 1932 zuwa 1972. Likitocin gwamnati sun bi baƙaƙen fata kimanin 600, kusan 400 daga cikinsu masu ciwon tunjere, suna kallon yadda cutar ke cin jiki, ba su gaya musu gaskiya ba, ba su kuma ba su fenisilin ba ko bayan an san yana warkarwa. Hujjarsu ita ce ilmin da za a samu zai amfani jama'a. Mabiya Mill za su ce lissafin likitocin ne ya ɓaci, har wasunsu suka gyara ra'ayin suka ce a auna sakamakon ƙa'ida gaba ɗaya maimakon na aiki guda. Gaskiya ne. Amma darasin yana nan: kalmar "don amfanin jama'a" ta sha zama mayafin zalunci, musamman in wanda ke lissafin ba shi ne zai ɗauki hasarar ba.

Mudun wajibi

Mudu na uku na Immanuel Kant ne, Bajamushe da ya rayu daga 1724 zuwa 1804 a birnin Konigsbag, wanda yanzu ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha. A littafinsa na 1785 ya ce sakamako ba a hannunmu yake ba, abin da ke hannunmu shi ne niyya da ƙa'idar da muka yi aiki a kanta. Ya kawo misalin mai kanti da ba ya cutar yaro a ciniki. In don kada ya rasa masu saye ya yi haka, to, dabarar kasuwa ce. In kuwa don ya ga wajibi ne, a nan aikin ya sami daraja. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen wanda ya fara karatun hadisi da batun niyya.

Kant ya ba da gwaji biyu. Na farko: kafin ka yi aiki, ka tambayi kanka ko za ka so ƙa'idar da ka bi ta zama doka ga kowa da kowa. Mai cin bashi da alkawarin ƙarya ba zai so haka ba, domin in kowa ya yi, ba wanda zai sake yarda da alkawari, shi kansa ba zai sami mai ba shi rance ba. Na biyu: kada ka mai da mutum kayan aiki kawai, ko kai kanka ko waninka, domin kaya ke da farashi, mutum mutunci ke gare shi. Da wannan gwaji, Richard Parker ba guzuri ba ne, mutanen Tuskegee kuma ba dabbobin gwaji ba ne. A teburin ma'aikacinmu kuwa, amsar a fili take. In kowane akawu zai juya hatimi duk lokacin da zuciyarsa ta ga ya dace, hatimi ya tashi daga aiki. Ɗan attajirin nan ma mutum ne, ya bi ƙa'ida, yana da hakkin kada a zalunce shi a ɓoye saboda arzikin ubansa.

Inda wannan mudu ke tsage kuwa shi ne wurin taurinsa. A 1797 Kant ya rubuta cewa ko mai kisan kai ne ya zo ƙofarka yana tambayar inda abokinka ya ɓuya, ba ka da ikon yi masa ƙarya. Mutane kaɗan ne za su bi shi har nan. Malaman Musulunci sun yi rangwame a kan faɗin abin da ba haka yake ba a wurin yaƙi, da wurin sulhunta mutane, da tsakanin miji da mata don gyaran zama. Wani masani ɗan Birtaniya, W. D. Ross, ya nuna a 1930 cewa wajibai suna da yawa, kamar cika alkawari, da rama alheri, da adalci, da kau da cuta, kuma sukan yi karo da juna, sai mutum ya duba wanda ya fi nauyi a wannan hali.

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya kiyaye, watau ɗaukar umurnin shugaba a matsayin wajibi. Adolf Eichmann, jami'in gwamnatin Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, da aka gurfanar da shi a birnin Ƙudus a 1961 cewa ya yi umurni ya bi, har ya yi da'awar wai da koyarwar Kant ya yi rayuwarsa. Aka rataye shi a 1962. Wajibin da Kant ke nufi shi ne wanda hankalinka ya gwada ya ga ya dace da kowa. Takardar da ta fito daga ofishin babban sakatare ba ta ɗauke wa mutum alhakin hannunsa.

Mudun hali

Mudu na huɗu ya sauya tambayar gaba ɗaya. Maimakon "me zan yi?" sai ya ce "wane irin mutum nake zama?" Aristo, ɗalibin Aflatun, wanda ya rasu a 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce halin kirki yana tsakanin iyaka biyu: jaruntaka tana tsakanin tsoro da ganganci, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Ya ce ana samun hali ne ta yawan aikatawa, kamar yadda magini ke zama magini ta yin gini. Ibn Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya shigo da wannan tunani cikin Tahzibul Akhlaƙ, Gazali kuma ya yi amfani da shi a Ihya'u. A Turai an yi watsi da shi na ɗan lokaci, sai da Elizabeth Anscombe ta sake tayar da maganar a 1958.

Wannan mudu shi ya fi kusa da harshenmu. Bahaushe ba ya cewa wane ya bi ƙa'ida, cewa yake yi wane mutumin kirki ne. Anthony Kirk-Greene, a wata lacca da aka buga a 1974, ya tattara siffofi goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne ya gane cewa ranar gwaji ba ta ba da lokacin lissafi. Abin da mutum ya saba shi zai fito, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga ma'aikacinmu yana cewa: hannun da ya juya hatimi yau don maraya ya koyi juya hatimi, gobe in kawunka ya zo da takardar ɗansa, ko wani ya zo da ambulan, hannun ba zai yi nauyin da ya yi jiya ba.

Rauninsa kuwa shi ne ba ya yanke magana in halaye biyu na kirki suka ja mutum gefe biyu. Tausayi ya ce buga, gaskiya ta ce bari. Kuma wasu daga cikin kyawawan halayenmu sukan zama tarko a ofis. Kunya ce ke hana ƙaramin ma'aikaci ce wa dattijo a'a. Karamci da zumunci ne ake fakewa da su a ce naka sai naka. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa wani ma'aikacin zakka da ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, ya nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna da kyautar ba ta same shi ba. Halin da ya yi kyau a zauren gida yana bukatar a sake auna shi in an hau kujerar jama'a.

Mudun yarjejeniya

Akwai na biyar da za mu taɓa a taƙaice. John Rawls, Ba'amurke, ya ce a littafinsa na 1971 ƙa'idar adalci ita ce wadda mutane za su amince da ita in ba su san matsayin da za su faɗa a cikin al'umma ba, ko ɗan sarki ko ɗan talaka, ko mace ko namiji. A ce an gaya wa mai kasa naman watanda cewa shi zai ɗauki kashin da kowa ya bari, za ku ga yadda zai daidaita kashi. Mu gwada da misalinmu. In ba mu san ko mu ne marayan ko ɗan attajirin ba, ba za mu so ofishin da akawu ke juya hatimi yadda ya ga dama ba, domin ba mu san wa zai tausaya wa ba. Haka kuma ba za mu so ofishin da ba ya sauraron uzurin karyewar gada ba. Abin da za mu zaɓa shi ne ƙa'ida mai ƙofar uzuri, wadda ke buɗe ga kowa, a kan idon kowa.

Mu koma teburin ma'aikaci

'Yan'uwa, ra'ayinmu shi ne kada ya buga hatimin, kuma kada ya jefa takardar a kwandon shara ya ce ƙa'ida ce. Ya buga kwanan watan gaskiya. Sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa shugabansa bayani a cikin fayil, ya faɗi ranar da takardar ta iso da dalilin makararta, ya nemi a duba uzurin wannan yaro da na duk wanda ruwan ya tsare, ya sa hannu da sunansa. In ta kama ya bi fayil ɗin da ƙafarsa, ya bi. Ta haka bai yi ƙarya ba, bai cuci kowa a ɓoye ba, bai yar da maraya ba, kuma in an amince, amfanin ya wuce mutum ɗaya.

Ba za mu ɓoye muku ba, wannan hanya tana da tsada. Shugaban yana iya ƙi, yaron ya rasa gurbin, ma'aikacin ya kwana yana tunanin cewa da ya juya hatimi da yanzu wani yana aji. Mai bin mudun sakamako zai ce mun sayi tsabtar hannunmu da rayuwar wani, kuma maganarsa tana da nauyi. Amsarmu ita ce, ofishin da ake taimakon mutane a ɓoye, masu hanya ne ke cin moriyarsa a ƙarshe, domin su suka fi sanin ƙofar baya. Maraya ba shi da abin dogara a gwamnati da ya wuce takarda mai gaskiya. Duk da haka mun yarda akwai ranar da ƙa'ida za ta zama zalunci tsantsa, ranar da rai ke kan gaba, kamar ranar da mai kisa ya tsaya a ƙofa. A ran nan karya ƙa'ida shi ne daidai, amma mai karyawa ya shirya faɗin abin da ya yi da ɗaukar abin da zai biyo baya.

Saboda haka muna ba da shawara, duk wanda ya sami kansa a irin wannan matsayi ya yi wa kansa tambayoyi kafin ya sa hannu. Wa zai amfana, wa zai cutu, har da waɗanda ba sa gabana? Zan yarda kowane ma'aikaci ya yi irin wannan? Akwai wanda nake mayarwa kayan aiki ba da saninsa ba? In na saba da wannan, wane irin mutum zan zama nan da shekara goma? Zan iya faɗinsa a gaban jama'a, zan iya tsayawa da shi a gaban Ubangijina? In amsoshin suka haɗu, sai a ci gaba da zuciya ɗaya. In suka rabu, alama ce a dakata a nemi shawarar na gaba.

Da yawa daga cikinmu da kuɗin talakawa muka yi karatu, da kuɗinsu kuma za a biya mu albashi, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Gwajin ba sai mun kama aiki zai fara ba. Yana nan a ɗakin jarrabawa, da asusun ƙungiya, da akwatin zaɓen shugabanninmu na ɗalibai. Allah ya ba mu ikon gane gaskiya da ƙarfin halin bin ta.

Shugaban taro, a nan za mu dakata, mu bar sauran lokacin don tambayoyi da gyare-gyare.